Mukapor, Ɗan Wanda Mashi Ya Ƙi

Haihuwarsa

A garin Karsidawa na ƙasar Dakiya aka haifi Mukapor, shekarar da babban kogi ya daskare har shanu suka taka shi. Mahaifinsa Tsinna maƙeri ne, mahaifiyarsa kuwa Drilgisa.

Ƙuruciyarsa

Bayan kowace shekara biyar ana jefa ƙuri'a domin aika manzo ga abin bautarsu Zalmoksis: a faɗa wa mutum saƙon gari, a cilla shi sama, ya faɗo kan tsinin mashi uku. In ya mutu an karɓi saƙo, in ya rayu mugu ne. Mukapor yana yaro ƙuri'a ta faɗa kan mahaifinsa, siririn mutum, wanda mashi ya yage wa haƙarƙari kawai ya bar shi da rai. Daga ranar ba wanda ya ƙara ɗiban wuta a gidansu.

Sana'a da aure

Ya gaji maƙera, ya auri Ziya, wadda ba ta taɓa ganin ya yi barci mai nauyi a shekarar ƙuri'a ba. Ba mutuwa yake tsoro ba, tsira yake tsoro, kada 'ya'yansa su gaji abin da ya gada. Saboda haka yakan ci abinci ko ba ya jin yunwa.

"Maigida, tukunyar ma za ka haɗiye?" in ji Ziya.

"Ƙaro dai, uwar yara. Rashin nauyi ne ya cuci baba."

Rasuwarsa

A shekarar da Rumawa suka ɗora gada kan kogi, ƙuri'a ta faɗa kansa. Da hannunsa ya wasa masun, gumi na zuba masa. Masu cillawa suka kama hannuwansa da ƙafafunsa, ɗaya ya ce, "Kai ɗan Tsinna, wannan tumbi sai ka karya mana mashi!" Aka faɗa masa saƙo: a tsare gari daga Rumawa. Ziya ta rufe ido har ta ji guɗa. Mukapor ko shurawa bai yi ba.

Aka ƙona gawarsa bisa al'ada, aka binne tokar a gindin dutse, manyan gari suka ci abinci a gidansa. Kafin kaka Rumawa suka cinye garin.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Dadas, da aka tafi da shi cikin sarƙa, Rigozu, mai haƙa wa Rumawa zinariya, da Natopor, wanda yanzu da harshensu yake gaishe da uwarsa. Sunan gidan ya wanku, sai dai ba sauran mai tuna ya taɓa ɓaci, in ban da Ziya.