Kawu da Takalman Soja

Har yau in na wuce rumfar dukawa, warin fatar da aka jeme da bagaruwa ya bugi hancina, sai in ji raina ya ɗan sosu, alhali dukawan ba su yi mini komai ba. Kawuna nake tunawa, Allah ya jiƙansa, da shekarar da ya hana gidanmu sakat saboda takalmi.

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, a wani ƙauye kusa da Magama, yamma da Jibiya. Mu uku ne a gidan in ka cire awaki: ni, da Kaka, da Kawu, wanda matarsa ta rasu bai sake aure ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido. In za ta yi masa faɗa, bango take fuskanta ta yi, ko ta faɗa mini ni, shi kuwa yana zaune dab da mu yana ji.

Kawu maharbi ne, kuma ba na fadama ba. Duwatsu yake hawa, inda rema da gada suke, ya kwana biyu ya dawo da nama a kafaɗa. Tun yana saurayi wani dutse ya gangaro ya danne masa ƙafar dama. Ta warke, amma ta baje kamar faifai, yatsun kowanne ya kama gabansa. Da takalmin faɗe na fatar ɓauna yake yawo, kuma duk dawowa sai na zauna da allura ina cire masa ƙaya.

Lokacin Turawa ba su daɗe da raba ƙasar ba. Sun bi ta tsakiyar gonaki sun kafa turaku, suka ce nan na Ingilishi, can na Faransa, ko da yake gwaggona tana aure a can ɗin, kuma rijiyarsu muke sha in tamu ta ƙafe. Wata bazara wani Bature ya zo duba turakun, mai gari ya sa Kawu ya nuna masa hanya ta kan dutse. Da ya dawo bai ce komai a kan Baturen ba, ko farinsa ko hancinsa. Ƙafarsa kawai ya gani.

"Inna, kan tsidau ya taka, ko gezau bai yi ba," in ji shi. "Takalmin har idon sawu, an ɗaure da igiya."

Kaka ta ce da ni, "Gaya wa wanga mutum tuwonshi na hucewa."

Daga ranar ba mu ƙara jin wata magana a gidan ba. Ya je wurin badukun garinmu ya zana masa abin a ƙasa da tsinke. Badukun ya ɗinka wani abu da jar fatar akuya, har da ado a baki, kyakkyawa kamar na ango. Kawu ya hau dutse da shi da safe, kafin azahar ya dawo da shi a hannu, ƙasan ya rabu da saman. Ya koma, aka sa fatar bijimi. Wannan kuma ya bushe ya ƙandare, ya ci masa dunduniya har jini. Ya tafi kasuwar Jibiya ya bi dukawa ɗaya bayan ɗaya, har suka gane shi, in sun hango shi sai kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa.

Ana cikin haka damisa ta fara sauka daga duwatsu tana ɗaukar awaki. Ta ɗauki na maƙwabta, ta ɗauki maraƙin Fulanin da ke zaune bayan gari. Mai gari ya aiko wa Kawu, don shi ne ya san kogunan dutsen. Kawu ya ce zai hau, amma ba da faɗe ba. Ya ji labarin wani tsohon soja a tsallaken iyaka, wanda ya dawo daga babban yaƙin Turawa da takalman da ba ya sawa.

To, abin da za a ba sojan shi ne matsala, kuma nan ne abin ya shafe ni. Ina da akuya, wadda aka ba ni tun ranar sunana, ta haihu ta sake haihuwa. Kawu ya zauna ya lallashe ni, ya ce fatar damisar tawa ce in ya kashe ta. Na yi kuka na yarda. Ina kallo ya ja ta da igiya tana waiwayen 'ya'yanta.

Da asuba ya tafi, ya kamata ya dawo kafin la'asar. Sai washegari muka gan shi, ƙafa ba takalmi, takalman kuwa rataye a wuya. Ashe a mashigar iyaka masu gadin Faransa suka tare shi. Baƙauye da takalman soja, suka ce ko sata ya yi ko gudu ya yi daga bariki. Ya rantse nasa ne. Babbansu ya ce, in naka ne, sa mu gani. Na hagu ya shige lafiya lau. Na dama, yatsu kawai suka shiga. A gidan sojan na hagun kaɗai ya gwada, don murna. Suka zaunar da shi gindin wata bedi har aka je aka kira tsohon sojan ya shaide shi, sannan suka karɓe bandar naman da ya yi guzuri da ita, suka sallame shi.

Kai da kake jin wannan, za ka ce ai sai ya mayar ya karɓo mini akuyata. Ba ka san Kawu ba. Ya ce fata ce, fata kuwa tana miƙewa.

Aka jiƙa takalmin a kwatanniya. Aka shafe shi da man kaɗe har ƙudan garin suka dawo gidanmu. Wani ya ce a cika shi da wake a zuba ruwa, waken zai kumbura ya buɗa shi. Waken da Kaka ta ajiye na iri aka ɗura. Ya kumbura, ya yi tsami, har ya fara tsiro, kaji suka yi biki, takalmin kuwa yana nan yadda yake. Kaka ta dubi bango ta ce, "Ni dai na haifi mutum, ban san na haifi wahala ba."

Ran da damisar ta shiga garken mai gari kansa, Kawu ya shafa wa ƙafarsa mai, ya kama bakin takalmin, ni da badukun muna ja, har ƙafar ta shige. Gumi na zuba a fuskarsa ya ce, "Kun gani? Daidai." Ya ɗauki baka da kwari ya fita yana takawa kamar mai tafiya kan garwashi.

Abin da ba wanda ya lura shi ne ƙasan takalman cike yake da kawunan ƙusa. A kan yashi shiru. A kan dutse kuwa, makiyayan da ke ƙasa sun ce tun daga nesa suke jin ƙwas, ƙwas, kamar maƙeri na aiki. Babu dabbar da ta jira shi. Rana ta yi tsaka, dutsen ya gasu, ƙafar ta kumbura a ciki. Da ya zo sauka ta wani falalen dutse, ƙusoshin suka zame, ya gangaro. Wani Bafulatani ne ya tsince shi ya kawo shi gida a kan takarkari.

Ƙafar ta ƙi fita. Sama da bakin takalmin naman ya tasa ya yi baƙi, yana sheƙi. Wanzami ya zo ya duba ya ce a yanke takalmin yanzu, ko gobe a yi maganar yanke ƙafa. Kawu, yana kwance zazzaɓi na kaɗa shi, ya ce ba mai taɓa masa takalmi. Mai gari ya yi magana, liman ya yi magana, Kawu ya ce a bari zuwa safe ƙafar za ta saɓe.

Kaka tana bakin murhu, ta ba mu baya. Sai ta tashi ta ɗauki wuƙar da take yanka kuɓewa, ta ratsa mazan nan, ta durƙusa. Ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta dube shi cikin ido, ta kira shi da sunansa na yanka. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, kuma ban sake ji ba.

"Ni na wanke ƙafar ga tun tana kamar ɗan yatsana," ta ce. "Ba ta Faransa ba ce. Kwanta."

Ya kwanta. Ta tsaga fatar takalmin daga sama har yatsu. Sai bayan ta gama ta shiga ɗaki, muka ji tana kuka, tana kuma zaginsa.

Damina guda ya yi a kan tabarma. Mahaifina ya zo ya nome masa gona, Kaka ta ari irin wake. Damisar kuwa, wani maharbi daga Riko ne ya kashe ta, ya wuce da fatar ta ƙofar gidanmu, ina tsaye ina kallo. Da Kawu ya miƙe, sai ya kai wa badukun tsagaggen takalmin, aka cire ƙusoshin, aka toshe tsagar da faffaɗan ƙyallen fata. Mummuna ne, yara na binsa suna dariya, amma ya shiga, kuma da shi ya hau dutse har tsufa ya sauko da shi. Bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Cewa yake mutanen Faransa ne Allah ya yi su da ƙananan ƙafafu.

Yanzu motoci ke tsallaka iyakar, kasuwar Jibiya kuwa takalma tuli-tuli, kowanne da lambarsa, ka gwada goma ba mai tsare ka. Duwatsun suna nan, amma babu damisa, ko rema sai an sha wuya. Ni ma tsufa ya kumbura mini ƙafafu. Bara ɗana ya kawo mini wasu takalma daga aikin hajji, masu kyau, suna matse ni har sai na ga taurari. Duk biki da suna da su nake zuwa. Jikata ta gaji da magana, jiya ta tsaya kaina riƙe da almakashi ta ce, "Kaka, ko ki ba da su, ko in tsaga."

Na ce ta bari, fata ce, za ta miƙe.