Ranar da Na Raina Tiren Inna a Anbariyya

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, gwiwoyina kuma ba su fara yi mini gardama ba, mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a wani tsohon gida a unguwar Anbariyya, cikin Madina. Uku daga Kano, biyu daga Damagaram, ɗaya daga Maraɗi. Ni aikina dakon katan-katan ɗin dabino a wajen Uhudu, in sauke daga mota in jera wa masu shaguna. Mai gidan da muke haya doka ɗaya ya kafa mana: ba girki a ɗaki. Ruwan shayi kawai aka yarda mu dafa.

Za ku ce to me muke ci? Ku saurara, da yatsa ɗaya nake rubutun nan, kada ku gaggauta ni.

A ƙarshen lungunmu akwai wata tsohuwa, kowa Inna yake ce mata. A Madina aka haife ta, 'yar ƙasa ce da takardunta, amma mahaifinta da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, ta Chadi da Sudan, yana cin abin da mutanen hanya suka ba shi. Shi ya sa ta ɗauki alkawari tsakaninta da Allah: muddin tana iya tsayuwa gaban tukunya, baƙon gida ba zai kwana da yunwa a lungunta ba. Kullum bayan magariba akwai tirenmu, shinkafar da suke kira buhari, da kaza, kyauta. Ni nake zuwa ɗauka, don an ce ni ne mai baki. Kuma akwai ƙa'ida: tire ba ya komawa da saura, ba ya kuma komawa fayau. A cinye, a wanke, a ɗora 'yan dabino a kai. In na miƙa ta bayan labule sai ta ce, "Kun ƙoshi, ya waladi?" Wato ɗana. Ni kuma in ce, "Mun ƙoshi, Inna, Allah Ya saka da alheri."

A cikinmu akwai abokina, Badamagare, wanda ya yi karatu na gaske. Ni kuwa a izu biyar na tsaya, boko ma aji uku na yi na ga ya ishe ni. In mun zagaye tire sai ya riƙa ba mu ƙissoshin Annabawa, a shekarar nan kuma labarin Banu Isra'ila ya ɗauko. Yadda aka tsaga musu teku suka wuce. Yadda Annabi Musa, alaihis salam, ya tafi ganawa da Ubangijinsa, kafin ya dawo wasu sun ƙera ɗan maraƙi na zinariya. Yadda a tsakiyar daji aka riƙa saukar musu da mannu da salwa, wani abu mai zaƙi kamar zuma da tsuntsaye, ba noma ba farauta, amma suka ce sun gaji da abinci iri ɗaya, albasa suke so da waken adas da tafarnuwa irin na Masar.

Na ajiye cinyar kaza na buga ƙirji. "Albasa? Ana ba ka nama daga sama ka ce albasa? Wallahi da ina cikinsu, ko shekara Annabi Musa ya yi a kan dutse, inda ya bar ni nan zai tarar da ni."

Abokina ya ce, "A cikinsu ai akwai masu amana da suka tsaya ƙyam, ya shaikh. Kai dai roƙi Allah kada a jarraba ka."

Na ce, "A jarraba mana!"

To, an ji.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai wayi gari shinkafa tana kallona ina kallonta. A ƙasan jakata akwai ƙullin daddawa da na kuka, mahaifiyata ta aiko mini ta hannun wani alhaji, na ɓoye ban gaya wa kowa ba. Ba wurin dafawa, sai dai in ɗaki ya zama ba kowa in kwance ƙullin in shaƙa, in mayar. Daga nan na fara wa'azi. Kullum a bakin tire ina ba su labarin tuwon dawa mai zafi, miyar kuka da man shanu yana yawo a kai. Ban daina ba sai da na lalata wa kowa baki.

Wata rana mai zafi muka ci rabi muka janye hannu. Maimakon in kai wa maƙwabta saura in wanke tire, sai na ɗauke shi yadda yake na nufi ƙofar Inna. Tana karɓa ta ji nauyi.

"Ish hada, mene ne wannan? Ba ku da lafiya ne?"

Da na ce mata zafi ne ya hana mu, da an wuce wurin. Amma ni ne mai baki. Na ce, "Lafiya lau, Inna. Sai dai kullum shinkafa, kullum kaza. Hanjin Bahaushe fa da tuwo aka gina shi." Har da 'yar dariyata.

 Ta ce, "Tayyib, shi ke nan." Ta rufe ƙofa.

Washegari na yi sallama, ta ce daga ciki, "Yau babu, ya waladi." Kashegari haka. Rana ta uku haka. Muka koma ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis na bakin titi. Mutum huɗu suka daina yi mini magana, na biyar kuma gara a ce ya daina. Abokina ya yanka albasa ya tura gabana. "Bismillah, mai amana. Ga albasarka ta sauka. Saura tafarnuwa."

Na yi dariyar yaƙe. Yunwa da sauƙi. Abin da ya dame ni shi ne ƙofar nan a buɗe take tun kafin in san hanyar Madina, ni kuma na zo da bakina na rufe ta. Tsohuwa ta yi alkawari da Ubangijinta, ɗan dako ya karya mata.

A rana ta huɗu ta aiko maƙwabcinta ya ce in zo. Na karɓi tire a rufe, na kawo ɗaki, muka buɗe. Tuwo ne. To, sunansa dai tuwo. Da garin samolina aka yi shi, gudaji a ciki kamar tsakuwar Uhudu, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya dutse. Miyar kuwa lalo ce irin ta Larabawa, tana ƙamshin tafarnuwa tun daga ƙofa.

Abokina ya ɗaga hannu sama. "Allahu Akbar. Tafarnuwar ma ta iso."

Wa zai mayar da saura yanzu? Muka cinye tas, muna haɗiya kamar magani. Gobe ma shi. Jibi ma shi. Ni a lissafina kwana arba'in muka yi muna cin wannan tuwo. Abokina har ya koma gida yana rantsuwa kwana tara ne. Shi ya yi karatu, amma ni na fi kowa cin gudajin, don duk ɓangaren dutsen gabana ake juyowa.

Ranar da na ga mutumin Maraɗi yana kallon hoton shinkafa a jikin wani buhu yana ajiyar zuciya, na san lokacin tuba ya yi. Bayan la'asar na zaro ƙullina biyu. 'Yan ɗaki suka yi tsalle. "Daddawa? Kana da daddawa duk wannan lokacin?" Abokina ya ce, "Ku ƙyale shi. Ɓoyon abinci ma yana cikin ƙissar, ban kai ku wurin ba ne."

Na durƙusa a ƙofar Inna na ce, "Inna, na zo neman gafara. Bakina ya fi hankalina sauri. Ga wannan, mahaifiyata ce ta aiko, ba ni da abin da ya fi shi."

Hannu ya fito ya karɓa. Na ji tana kwance ƙullin. Na jira har na ɗauka warin ne ya kore ta cikin gida. Sai na ji shessheƙa.

"Warin ɗakin uwata," in ji ta. "Wallahil azim, warin ɗakin uwata ne."

Ta ɗage labule, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna a dokin ƙofa da ƙullin a hancinta. Ashe tana ƙarama uwarta ta rasu, maƙwabta Larabawa ne suka rene ta, girkinsu ta koya. Tuwo ta ci a hannun uwa, amma ba ta kai shekarun riƙe muciya ba.

"Ka ce fushi na yi? Kunya na ji, ya waladi. 'Yar Bahaushe, baƙi sun tambaye ni tuwo ban iya ba. Kwana ukun nan ina tuƙawa ina zuba wa kyanwoyi. Su ma sun ƙi."

Na ce, "Inna, mu dai mun ci."

"Na sani. Shi ya sa na ce ko ya yi daɗi ne."

Nan take ta ce in shigo in koya mata, ai ni ɗanta ne. Na naɗe hannun riga na tsaya gaban tukunya ina ba da umarni kamar sarkin girki. Ba a yi nisa ba ta dube ni ta ce, "Halas, ya isa, fita. Kai ma ba ka iya ba, baki ne kawai." Sai da aka kira mutumin Maraɗi, wanda ya taɓa aiki a gidan abinci, shi ya nuna mata yadda ake talge da yadda ake kaɗa kuka. Ranar a tsakar gidanta muka ci, ita tana daga gefe da ɗan kwanonta, tana ci tana share ido da gefen mayafi.

Daga nan aka yi sulhu: Juma'a tuwo, sauran kwanaki shinkafa. Duk alhajin da zai zo daga garinmu kuma sai mahaifiyata ta ba shi ƙulli biyu, ɗaya ta ce na 'yar'uwarta ne ta Madina, alhali ba su taɓa ganin juna ba.

Inna ta daɗe da kwanciya a Baƙi'a, Allah Ya haskaka kabarinta. 'Yan ɗakinmu kowa ya kama gabansa. Ni na zauna, na yi iyali, yau kuka da daddawa ba sa yankewa a gidana, ranar da na ga dama a tuƙa mini tuwo. To ku tambaye ni abin da nake marmari. Shinkafar Inna. Na zagaya gidajen abinci daga Ƙiblatain har Uhudu ban sami irinta ba. Matata ta ce ni ko a Aljanna aka sa ni sai na tambayi abin da babu.

Shi ya sa in ana karanta ƙissar Banu Isra'ila a majalisi, matasa suna girgiza kai suna mamakin mutanen da suka raina mannu da salwa, ni sunkuyar da kai nake yi. Su teku aka tsaga musu, daji suka sha, shekaru suka yi suna ci kafin su yi ƙorafi. Ni kaza ce kawai da shinkafa, ban kuma cika shekara biyu ba. Masu amanar cikinsu kuwa, waɗanda suka ci abu ɗaya kullum suka ce alhamdu lillahi, yanzu na san ba ƙananan mutane ba ne.

In na je ziyara Baƙi'a, ban san takamaiman inda take ba, kaburburan duk iri ɗaya ne. Nakan tsaya in yi wa kowa sallama da addu'a. Sannan in rage murya, kada mai gadi ya ɗauka tsohon ya taɓu, in ce, "Mun ƙoshi, Inna."