Neman Wadda Za Ta Saurari Hajara

Daga gida zuwa Zakirai

Kafin ladan ya yi kiran assalatu na riga na ɗaura zane. Na yi sallah, na ɗauki jaka da 'yar jarkar man gyaɗa ta tsaraba, na fito ƙofar gida inda Ɗanlami mai babur yake jirana yana ta hamma. Kano na nufa, kuma ba biki ne ya ɗaga ni ba. Ƙanwata Hajara ce take ƙarewa a tsaye, ni kuwa na gaji da zuba ido.

Mutanen garinmu sun san abin da ya faru, amma bari in faɗa don wanda bai sani ba. Farkon damina tifa ta buge ɗanta Auwalu yana dawowa daga kasuwar Gezawa a kan babur, ko asibiti ba a kai da shi ba. Aka yi zaman makoki aka watse, kowa ya koma gonarsa. Hajara ba ta zubar da hawaye ba, aka yi ta yabonta, wai mai tawakkali. To yanzu ga shi ana yankan gero, ita kuwa ba ta cin abinci sai an tsare ta, ba ta barci, ta daina zuwa Islamiyya, awakinta ma maƙwabta ke ba su ruwa. An karɓo rubutu ta sha, an yi hayaƙi, an sayo maganin ƙarin jini a kemis. Da dangin mijinta suka fara raɗe-raɗin wai iska ce, raina ya ɓaci ƙwarai.

Wata safiya ina wanke-wanke na ji wata mata a rediyo tana cewa akwai mutanen da suka yi karatu, aikinsu su zauna da wanda damuwa ta danne su saurare shi har ya samu sauƙi. Tana dab da faɗin inda suke akuyata ta tura kai cikin tukunyar koko. Kafin in gama da ita an shiga talla. Na ce ba komai, tunda dai a Kano suke, ƙafata za ta nemo su.

Muka ratsa gonaki raɓa tana jiƙa min gefen zane. Ɗanlami ya waiwayo ya ce, “Malama, lafiya da sassafen nan?”

Na ce, “Lafiya lau. Kalli gabanka.”

Zakirai zuwa Yankaba

A tashar Zakirai na samu mota saura mutum biyu, amma sai da rana ta fito kafin mutum biyun nan su samu. Aka cusa mu huɗu a baya, buhun gyaɗa yana tokare min ƙeya. Mun wuce Gezawa kaɗan 'yan sanda suka tsayar da mu, direba ya sauka suka yi 'yar gaisuwarsu ta bayan mota, muka ci gaba. Kafin nan kuwa mun wuce daidai kwanar da abin ya faru. Tun da abin ya faru ban bi ta wurin ba sai ranar. Ba komai a wurin sai wata mai sayar da rake, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Wani dattijo da ke kusa da ni ya ga na share ido, ya tambaya, na ba shi labari a taƙaice. Ya girgiza kai ya ce, “Ayya. Ai wannan haƙuri ne kawai maganinsa, Hajiya.”

Na ce, “Baba, haƙurin nan tun farkon damina ake ɗura mata shi safe da yamma. Da yana sa ƙiba da yanzu ba ta shiga ƙofa.”

Motar ta kwashe da dariya, har shi dattijon. Daga Jogana cunkoso ya fara, manyan motoci suna ta hayaƙi, muka yi ta rarrafe har Yankaba.

Yawon asibiti

Na hau adaidaita zuwa wani babban asibiti. Na bi layin yankar kati har ƙafata ta yi tsami. Da na iso taga mutumin ya ce, “Ina mara lafiyar?”

Na ce, “Tana gida. Ni na zo karɓar mata.”

Ya dube ni ta saman tabarau. Ni kuwa ban ga abin kallo ba. Mu a wurinmu haka ake yi: mace tana ɗaki, miji ko yaya ko ƙane ya je ya faɗi yadda take ji, a haɗo magani ya kawo. Rubutun malam haka, ƙwayar kemis haka. Da na yi masa bayanin abin da nake nema, sai ya nuna mini wani sashe can ƙarshen harabar.

A can wata nas ta tare ni da tambayoyi. Tana duka? Tana surutai? Tana fita ba mayafi? Na ce ko ɗaya, shiru kawai take yi. Ta ce in kawo ta ranar da likitan ƙwaƙwalwa yake zama. Matar ta yi mini kirki, ba zan ci zalinta ba. Amma na dubi barandar nan cike da jama'a, kowa yana jiran 'yan mintunansa, na san Hajara ba za ta buɗe baki a nan ba. Na ce a raina wannan tsarin babban asibiti ne, waɗanda na ji a rediyo dabam suke.

Na fito na tari wani adaidaitan, na ce ya kai ni inda ake sauraron masu damuwa. Ya ce, “An gama, Mama!” Ya yi ta kwana da ni cikin lunguna, sai ga mu a ƙofar wani shago da aka jera kwalaben habbatus sauda da zuma, an rubuta ana ruƙiyya.

Na ce, “Ɗana, wannan mun yi, kuma ba mu raina ba. Ba shi na fito nema ba.”

Ya ce, “To ai ni iyakar sanina ke nan.”

Azahar ta same ni a bakin titi ina cin shinkafa da wake mai tsadar tsiya, wadda waken cikinta za a iya ƙirgawa. Na gaji, ƙafata ta kumbura, amma ko kusa tunanin komawa tasha bai zo mini ba.

Kwana a Dakata

Bayan la'asar na sauka gidan Hajiya Ladidi, 'yar kawunmu da take aure a Dakata. Ta karɓi man gyaɗa tana murna, ta kawo fura mai sanyi. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta ja ƙofa ta rage murya.

“Yaya Asabe, ki yi a hankali. Hajara tana da 'yan mata biyu ba su yi aure ba. In aka ce an kai uwarsu wajen masu duba ƙwaƙwalwa, wa zai zo neman su?”

Na ce, “In uwar ta mutu fa, sai su fi samun kasuwa?”

Sai ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da maƙwabciyarta Sista Rabi, wata ma'aikaciyar jinya mai fara'a. Ita ce mutum na farko a ranar da ta gane maganata tun ban ƙarasa ba. Ta ce irin waɗannan masu ba da shawara ba su da yawa, wasu a cikin asibitoci suke, wasu suna da ofis nasu, kuma ta san wata a Tarauni da suka taɓa aiki tare. Nan take ta buga mata waya, aka ce in zo da hantsi. Na ci tuwon Ladidi da miyar kuɓewa kamar wadda ta yini a gona.

Tarauni

Ofishin yana saman bene, ƙasansa shagon tela. Na hau ina haki ina tsammanin warin asibiti, sai na tarar da ɗaki da kujeru biyu da darduma da tulun ruwa. Malama Bilkisu ba ta kai ni shekaru ba, kuma ko farar riga ba ta sa ba. Muka gaisa, na gyara zama na ce mata ni malamar firamare ce, kaina yana riƙe magana, duk abin da ya kamata a faɗa wa Hajara ta faɗa mini, zan kai mata shi ba ragi.

Ta yi murmushi ta ce, “Yaya, da abin aike ne da na ba ki. Ni ba ni da wata magana da na tanada. Maganar tana wurinta, ni sauraro ne nawa.”

Gaskiya na ji haushi. Na baro garinmu, na sha rana, sai a ce mini in koma hannu biyu? Na faɗa mata hakan ba ɓoye-ɓoye. Ba ta ji zafi ba. Ta yi ta tambayata a nutse, yadda Hajara take ci, yadda take barci, ko ta taɓa cewa gara ta bi shi. Na ce ban ji ba. Ta ce in na ji irin wannan ko da wasa, kada in jira kowa, in kai ta asibiti a ranar, kuma ko da Hajara ta zo, in ta ga akwai buƙatar likita za ta haɗa mu da shi. Addu'a kuwa a ci gaba, ba ta hana ba. Sannan ta ce, “Yaya sunan yaron?”

Na ce, “Auwalu.”

“Ɗan farinta ke nan. A hannun wa ya tashi?”

Na ce a hannun Innarmu, tun daga yaye, kamar yadda ake yi. Hajara mai tsananin kunya ce. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce “yaron nan”. In ya shigo gaishe ta, kai take kawarwa ta amsa a taƙaice.

Malama Bilkisu ta ce, “Ranar rasuwar, wa aka fi yi wa ta'aziyya?”

Inna aka kewaye, ita ta yi kuka har ta shiɗe, ita ake riƙewa. Hajara tana bakin murhu tana dafa wa baƙi abinci. In an ce mata sannu da haƙuri, sai ta sunkuyar da kai ta ce a yi wa Inna. Mu duka muka gani, muka ce madalla da kunya. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da ba a cika ganin kukana ba.

Ta bar ni na gama, ta zuba mini ruwa. Sannan ta ce ranar Talata tana da wuri, amma da sharaɗi: kada in jawo Hajara. In faɗa mata abin da na gani, in tambaye ta, in kuma jira amsarta. Na ce jira ba halina ba ne. Ta ce ta lura.

Komawa

Na koma Dakata na yi sallama da Ladidi, ta cusa mini sabulu da taliya a jaka. A Yankaba na samu gaban mota, na miƙe ƙafa, ba mu tsaya ba sai shingen 'yan sanda na Gezawa. Allah Ya saka wa Ladidi da Sista Rabi da alheri, har da mai adaidaitan da ya kai ni iyakar saninsa. Na fita lafiya na dawo lafiya, godiya ta tabbata ga Mai kowa.

Daga Zakirai ban ce a kai ni gidana ba. Na sauka a bakin gonar Malam Sale, mijin Hajara, na same shi yana ɗaure dami. Bayan gaisuwa ya ce, “Yaya, an samo maganin?”

Na ce ba a ba da shi a leda, sai ta je da kanta. Ya ɓata fuska ya fara kawo zancen abin da mutane za su ce. Na ce, “Malam Sale, mutanen nan sun riga sun ce iska ce. Saura me? Ni izininka na zo nema, kuma ba zan bar gonar nan ba sai da shi.” Ya daɗe yana murza igiya a hannu. Shi ma ɗansa ne, na ga idonsa ya kaɗa. Ya ce in ta yarda shi ya yarda.

Na tarar da Hajara a gindin darbejiyar tsakar gida, tire na wake a cinyarta, ba ta tsince ko ƙwara ɗaya ba. Na zauna a gefen tabarmar. Na ba ta labarin benen da kujeru biyun da tulun ruwa, na ce matar ba ta allura, ba ta wa'azi, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita. Na ce, “Za ki je?” Sai na kame bakina, ko da yake maganganu sun cika shi taf.

Kaji suka zo suna tsattsagar waken, ba ta kore su ba. Har aka kira la'asar a masallacin unguwa ba ta tanka ba, ni ma ban motsa ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ta tambaye ki sunansa?”

Na ce, “Ta tambaya.”

“Kika faɗa?”

“Na faɗa.”

Ta sa hannu ta kama gefen mayafina ta riƙe gam, kamar yadda take yi muna yara in za mu tsallaka rafi.

“Yaya, ni na haife shi, har ya koma ban kira shi ba ko sau ɗaya. Ki zo mini da wuri ranar Talatar.”