Katin da Na Jefa a Durowa

Shekarata ta farko a wani ofis da ke titin Elm, aka aiko mini da kati ta gidan waya. Ni kuwa tun a gida an ja mini kunne cewa katin Amurka bashi ne, kuma da ruwa a kai. Ko takardar da ta zo da shi ban karanta ba, na jefa shi a durowa cikin tsofaffin makullai.

A shekarar ce 'yata ta fara matse ido in tana kallon allo. Malamarta ta ce tabarau take buƙata. Kullum sai in ce bari wata ya ƙare, in ya ƙare kuma haya ta lashe albashin.

Da lokacin haraji ya zo, na kwashi takarduna sai McLeansville, wurin wata Hajiya da ke cike wa mutanenmu fom a teburin kicin ɗinta. Ta ɗora yatsa a kan gida na goma sha biyu a takardar albashina.

"Ashe kina da asusun lafiya. Sai mun ƙara fom guda."

Na ce, "Hajiya, nawa za su caje ni?"

"Wa zai caje ki? Kamfaninku ne ya zuba miki kuɗi a ciki. Babu haraji a kai, amma dole a shaida wa hukuma, kuma kada ki sake neman ragin haraji a kansa. In kin kashe a magani, ki adana rasit. Ina katin asusun da aka aiko miki?"

"Yana durowa. Ana sayen tabarau da shi?"

"Har da tabarau."

Wallahi ban san sanda na rungume ta ba. A mota ni kaɗai na dinga rangaɗa guɗa. Ranar Litinin na kai wa shugabar ofishinmu dambun nama na godiya, don mu ba a yi mana alheri mu yi shiru. Baiwar Allah ta rasa me ta yi mini, ta ce ai kowa ana zuba masa. Dambun dai ta cinye.

Ranar da yarinyar ta saka tabarau, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da Turancinta, "Mama, ashe kina da furfura."

Na yi dariya har da hawaye. Shekara guda 'yata ba ta ganin fuskata sosai, maganin kuwa yana durowata.