Daddawar Inna da Baƙar Kwalba

Shekarun da maigidana ke karatu a jami'ar Madina, muna haya ne a unguwar Sultana, a saman wani shagon walda. Duk lokacin aikin Hajji akwai wata hajiya 'yar kasuwa daga unguwarmu ta Zariya da ke zuwa ziyara, kuma Inna, mahaifiyata, takan ba ta ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawar da ta yi da hannunta. Da wannan ƙullin nake lallaɓa tukunyata har shekara ta zagayo.

Shekarar da 'yata ta fara tafiya, hajiyar ta zo ta ajiye ƙullin, ta ƙi taɓa shayi.

"'Yar nan, sai haƙuri," in ji ta. "Inna ta rasu tun bayan ƙaramar salla. An ce gara ki ji daga bakin mutum. Wannan daddawar ta gama shanya ta kafin ta kwanta ciwo."

Na yi salati, na yi mata godiya, har na tambaye ta gajiyar hanya. Na jira kuka ya zo, bai zo ba.

Na ci gaba da girki yadda na saba, har ranar da na sa hannu na ji daddawar saura guda. Akwai shatin yatsun Inna a jikinta, inda ta daɓe ta. Na saka ta a gwangwanin madara, na rufe, na ɗora a saman kabad. Daga ranar miyata ta zama lami.

Maƙwabciyata 'yar Indunusiya ce, mutanen da ake kira Jawa a can. Rabin hirarmu da Larabcin kasuwa muke yi, rabi da hannu. Ta ɗanɗana miyata ta yamutse fuska, ta je ta dawo da wata kwalba mai baƙin ruwa kamar tawadar allo. Ta ce waken soya ne ake ruɓarwa, ana sayarwa a kantin ƙasan layinmu. Na ce a raina ashe ba mu kaɗai muka san ruɓar da abu don ya yi daɗi ba.

Ranar farko na zuba gishirina cif, na bi shi da ruwan kwalbar. Maigida ya yi loma ɗaya ya sha ruwa kamar mai buɗa-baki. A hankali na gane kanta: a rage gishiri, a ɗiga ta daf da saukewa. Na sa a miyar kuka, na sa a dafa-duka da wake. Naman raƙumi in ya kwana a cikinta da tafarnuwa sai ya yi laushi. Har a ƙwai da kwaɗon zogale nake ɗigawa. Ban ce ina sonta ba. Ita ce dai ke hana ni taɓa gwangwanin, kuma wannan ya ishe ni.

'Yata ta shiga makaranta, ta koma ba ni amsa da Larabci. Wata rana ina shara na sauko da gwangwanin, na tarar ƙwari sun fara cin gefen daddawar, sun cinye shatin yatsa ɗaya. Ko in dafa ta, ko su cinye. Na kankare gefen, na jefa a turmi na daka, na kaɗa miyar kuka yadda Inna ke yi, ban ɗiga komai ba.

Yarinyar ta toshe hanci, tana tambayata mene ne wannan. "Yumma, ish hada? Wari!"

Maigida ya ci ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙan Inna," in ji shi.

Na ce amin, na kai loma bakina, na riƙe ta ina jiran tsakar gidanmu ta dawo mini. Na ji miya ce kawai, kuma akwai abin da ta rasa. Na tashi na ɗauko kwalbar.