Farantin Inna a ƙarƙashin injin Baba

Ina shiga shagon Baba da kwanon tuwonsa na hango shi: farantin Inna mai jajayen furanni, wanda muka birkice gida muna nema bayan rasuwarta. Ga shi ƙarƙashin injin yankan ƙarfe, cike da baƙin mai.

Baba ƙarafan motocin simintin Malbaza yake gyarawa a nan Konni. Man da ke sanyaya ƙarfe fantsama yake ko'ina, shi ya sa ya tsaga bido, wato jarkar roba, ya kare gaban injin, abin da ya ɗiga kuma farantin ya tare.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba! Duk kwanonin duniya sai na Inna?"

Ya kashe injin. Ya ce, "Ɗiyata, ita ta kawo shi da hannunta, ranar da santsin mai ya kayar da ni na gurɗe ƙafa. Kin ga na sake faɗuwa?"

Na tsiyaye man, na goge furannin da bakin zanena, na mayar da shi wurinsa.

Allah ya jiƙan Inna. Ku fa, me naku suka bari da har yanzu yake tsaron gida?