Shekarar da Talabijin ta Shigo Unguwarmu

A shekarun da fari ya cinye gonakin ƙauyenmu, can gefen Tsanyawa, sau ɗaya a rana ake tuƙa tuwo a gidanmu. Bayan magariba kakarmu Iya takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta gasa mana 'yar gyaɗar da ta ɓoye, sauran cikin kuma ta cika mana shi da tatsuniya. Ni da Talatu, 'yar baffana, muna aji shida a firamare. Iya ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ba ta fara ba mu labari sai mun karanta mata darasin ranar.

Sai Alhaji Sale mai fataucin fata ya kawo talabijin daga Kano, mai aiki da batirin mota. Yaran unguwa kaf suka koma zaurensa, ni ce kan gaba. Talatu kuwa sai ranar Juma'a take zuwa.

Wata rana ina sanɗa zan fice, Iya ta riƙo bakin zanena.

"Zauna, Hanne. Wannan gajeruwa ce."

Wai wani manomi ne ya tarar da tafki a bayan gonarsa. In ya leƙa ruwan sai ya ga garuruwa masu nisa, ana biki, ana cin kasuwa, ana girbi. Kullum sai ya ajiye fartanya ya ce bari ya ɗan leƙa. Da kaka ta yi, maƙwabta suna ɗaure dami, shi kuwa ciyawa ta shanye masa gero. Ya koma tafkin yana roƙon ko zangarniya ɗaya daga girbin da ya sha kallo. Ruwan bai nuna masa komai ba sai fuskarsa.

"Sai kuma me?" na tambaya, ƙafata ɗaya a waje.

"Sai yunwa, 'yar nan. Je ki."

Na kuwa tafi. Ranar ma yaran wata ƙasa aka nuna suna karatu, kowa da teburinsa. Na saki baki ina sha'awarsu, nawa littafin yana can ƙarƙashin tabarma.

Da sakamakon jarrabawa ya fito, Talatu ta samu makarantar 'yan mata, sunana bai fito ba. Iya ba ta yi mini gori ba. Hawayena kawai ta share da gefen mayafinta. Damina na zagayowa Allah ya yi mata rasuwa.

Yau Talatu ungozoma ce, ni ina soya ƙosai a bakin tasha. Ban ɗora wa akwatin Alhaji laifi ba, ba shi ya ja ƙafata ba. Amma idan na kashe wa jikokina talabijin don su ɗauki littafi, sukan ce, "To Kaka, ba mu tatsuniya mana." Iya tana da su fiye da ɗari, na bar ta ta tafi da su kabari.